KU TAMBAYI ANTI: Baƙin abin da ke fitowa daga cikin agwagwar wankan yara

Barkanmu da sake haɗuwa. Wannan karon wasiƙu sun taru a kan abu ɗaya kamar an haɗa baki, wato kayan wasan da yara ke shiga ruwan wanka da su, don haka na zaɓi biyar, waɗanda tasu tambayar ta yi kama da waɗannan sai su tsinci amsarsu a ciki. 'Yar uwar da ta turo maganar amosanin kai ta yi min haƙuri sai fitowa ta gaba.

TAMBAYA: Salam Anti, ya aiki ya iyali. Dan Allah ki taimaka min hankalina a tashe yake. Yarinyata shekararta ɗaya da wata takwas, akwai wata agwagwar roba ruwan ɗorawa mai ƙara in an matsa ta, ƙanwar babanta ce ta kawo mata tun tana wata shida, toh yarinyar nan ba ta yarda a yi mata wanka sai da ita, ta cika ta da ruwa ta tsiyaya a ka wani lokacin ma a baki. Jiya ina mata wanka na matsa agwagwar da ƙarfi kawai sai ga wani baƙin abu ɓarɓashi-ɓarɓashi yana fitowa da wari irin na tsumman da ya kwana a jiƙe, wallahi sai da tsigar jikina ta tashi. Kuma fa kullum sai na wanke ta da sabulu. Babanta ya ce a jefar ni kuma na san rigimar da za a sha. Akwai yadda zan wanke cikin? Kuma wanda ta riga ta sha zai mata illa?
Wata uwa daga Kaduna

AMSA: Wa alaikis salam ƙanwata. Kwantar da hankalinki tukuna, amma dai wannan karon babanta ya fi ki gaskiya, agwagwar nan ta gama aikinta.

Ba ƙazanta kika yi ba. Bayan agwagwar kike wankewa, matsalar kuma tana ciki inda hannunki ba ya kaiwa. Juya ta ki ga 'yar hudar da ke ƙasanta, ta nan ruwa ke shiga, kuma duk matsar da za ki yi ba zai fita duka ba sai ya bar saura. Ciki ga duhu ga ɗumi ga laima, sannan ruwan da ya shiga ba ruwan famfo zalla ba ne, ruwan da aka yi wanka ne, akwai kumfar sabulu da gumi da man da kika shafa mata jiya da daddare, har da fitsari, don kin san halin yara ana zaunar da su a ruwan ɗumi suke saki. Wannan duk abinci ne a wajen ƙwayoyin cuta da funfuna. Kin taɓa zura yatsa a cikin jarkar 'yan garuwa ko randar da ta daɗe ba a ɗauraye ba kika ji wani santsi mai yauƙi a jikinta? To shi ne dai, sai dai na agwagwar ya samu wata goma sha huɗu yana kauri babu mai taɓa shi. Ni kaina da na fara jin maganar nan ban yarda ba sai da na sa almakashi na raba wani kifin roba na autana gida biyu, bayansa fes kamar sabo, cikinsa kuwa baƙi ƙirin kamar gindin tukunya, na sa farce na kankaro abin ya taho kamar ɓawo. Ranar ko tuwo ban iya ci da daɗi ba.

Masana ma sun yi irin wannan yankan. A shekarar 2018 masu bincike na cibiyar nazarin ruwa ta Eawag a ƙasar Suwizalan, tare da jami'ar ETH ta Zurik da jami'ar Ilinoi ta Amurka, sun karɓo kayan wasan wanka guda 19 daga gidajen mutane suka farka su. A kowane ɗan fili mai faɗin santimita ɗaya tsawon santimita ɗaya, wato bai kai farcen babban yatsanki ba, sun ƙirga ƙwayoyin halitta kimanin miliyan 9 da rabi a matsakaici. Kusan kashi 60 cikin ɗari na kayan akwai funfuna a ciki, kuma huɗu cikin kowane biyar suna ɗauke da irin ƙwayoyin da kan iya jawo cuta, ciki har da Lijiyonela mai kama huhu da wata da ake kira Sudomonas wadda ta yi suna wajen ciwon ido da na kunne. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne ita kanta robar mai laushi abinci ce, sinadaran da ake zuba mata don ta yi taushi suna tsattsafowa a hankali ƙwayoyin suna ci. Kuma ki lura fa wannan a Suwizalan ne inda ake kafa kai a famfo a sha, ina ga mu da yau ruwan rijiya gobe na burtsatse jibi na mai kura.

Batun illa kuwa, yawancin yara masu lafiya jikinsu yana iya wa ɗan abin da suka haɗiya, su kansu masu binciken ba su ce duk yaron da ya yi wasa da agwagwa zai kwanta ba. Tunda tana cin abincinta tana wasanta ba sai kin ɗura mata komai ba, kar ki je kemis ki ce a haɗo miki maganin kashe ƙwayoyin cuta da ka. Ki dai sa ido 'yan kwanakin nan, in kin ga ido ya yi ja yana kwantsa, ko tana jan kunne tana kuka ko kunnen na ruwa, ko gudawa da amai, ko zazzaɓi, sai ki kai ta asibiti ki faɗa wa likita har da labarin agwagwar, kar ki ji kunya. Wanda ya fi buƙatar a kiyaye shi sosai shi ne jariri sabon haihuwa, da bakwaini, da mai sikila, da yaron da bai daɗe da tashi daga jinya ba, waɗannan ni ban ma yarda a sa musu abu mai huda a ruwa ba sam.

Rigima kuma za a sha ta kwana biyu ne a wuce. Ki ɗauke ta in ta yi barci, ki yanka ta kafin ki sa a shara don kar yaran maƙwabta su tsince ta su ci gaba daga inda aka tsaya. In za ki sayo wata ki duba ƙasanta tun a kasuwa, akwai waɗanda ba su da huda ko kaɗan, su ne na gari. In mai hudar kika samu to ki toshe tun tana sabuwa ruwa bai taɓa shiga ba, da gam ɗin nan mai kama da kyandir da ake narkarwa da 'yar bindiga, sai dai ƙarar za ta mutu, kuma kullum kafin wanka ki taɓa toshin ki ji ko ya fara ɗagowa don yaro na iya ɓanɓarewa ya haɗiye. Toshe tsohuwa kuwa rufe ƙazanta ne a ciki kawai.

TAMBAYA: Anti ina wuni. Ni tambayata a kan abin wankewa ne. Maƙwabciyata ta ce in haɗa ruwan Javel da ruwan khal in jiƙa kayan a ciki wai ya fi ƙarfi, uwar mijina kuma ta ce Dettol, wata a gurup ɗinmu ta ce a dafa su kawai. Na rasa ta wa zan bi.
Maman tagwaye, Maraɗi

AMSA: Lafiya lau maman biyu, Allah ya raya. Kafin komai ki je ki ƙwanƙwasa wa maƙwabciyarki ƙofa yau ɗin nan ki ce Anti ta ce ta daina, don Allah. Javel, wanda mu a nan muka fi sani da Hypo ko Jik, in ya haɗu da abu mai tsami irin khal yana tayar da iskar kulorin, ita ce gubar da aka fesa wa sojoji a Yaƙin Duniya na Ɗaya a 1915, tana ƙona ido da maƙogwaro da huhu, balle a banɗakunanmu da tagarsu ba ta wuce tafin hannu biyu ba. Haka in an haɗa shi da ruwan wanke masai irin su Harpic. Javel ruwa kawai ake sa masa, ruwan ma mai sanyi.

Ga yadda nake yi. Da farko wanki na sosai da sabulu da tsohon buroshin haƙori, a bi lungu-lungu, saboda Javel ba ya aiki yadda ya kamata a kan datti. Sannan ki duba jikin robar, namu na Najeriya yawanci za ki ga an rubuta 3.5%, shi babban cokali biyu ake sawa a lita ɗaya ta ruwa, lita ɗaya kuwa ledar fiya wata biyu ke nan in ba ki da abin awo. In naku mai 2.6% ne sai ki sa kusan cokali uku. Akwai kuma mai kauri da ya kai 9.6%, wannan cokali ɗaya ma ya yi yawa kaɗan, ki rage. Ki nutsa kayan duka su yi minti 10, masu huda ki matsa su a ƙarƙashin ruwan su zuƙa, ki girgiza, ki matse. Sai ɗauraya, ba sau ɗaya ba, ki yi ta yi har sai kin kai hanci kin ji babu warin, sannan a shanya a rana su bushe ƙayau. Sau ɗaya a mako ko mako biyu ya isa, sai dai in yaro ya yi kashi a ruwan ko ana gudawa a gidan, nan kam a take. Ruwan da kika haɗa na ranar ne kawai, in ya kwana ƙarfinsa ya tafi, ki zubar. Kuma kar a juye Javel a robar lemo ko ta ruwan sha a ajiye, da tagwaye masu rarrafe a gida kin san sauran zancen, irin abin da ke faruwa da kalanzir ne.

Khal shi kaɗai yana da amfaninsa, yana cire farin dattin nan da ruwan rijiya da sabulu ke bari a jikin roba, amma wajen kashe ƙwayoyin cuta bai kama ƙafar Javel ba. Dettol kuma ki ba Hajiya haƙuri cikin ladabi, ba a yi shi don abin da yaro zai sa a baki ba, kuma ita Sudomonas ɗin da na ambata a sama tana daga cikin masu taurin kai a gabansa, musamman in an tsinka shi da ruwa da yawa yadda muke yi don ya yi auki. Izal ma kar ki fara. Dafawa tana kashewa tabbas, amma roba mai laushi narkewa take ta lanƙwashe, sai dai in an rubuta silikon ne a kwalin, shi yana jure tafasa ta minti biyar.

TAMBAYA: Jikata ce ke rubuta min. Ni dai 'yar nan ina jin ana karanta shafinki ina mamaki. 'Ya'ya tara na haifa na yi wa jikoki sun fi ashirin wanka, da gwangwanin madara da ludayi da 'yar ƙwarya suke wasa a baho, ba mu san wani Hypo ba kuma ga su nan sun girma. Anya ba tsirfar 'yan boko ba ce wannan?
Wata kaka daga Kano

AMSA: Hajiya barka da war haka, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana. Wallahi Mama rabin maganarku ni ma ita nake ta faɗa wa 'ya'yan naku ba sa ji, gara da ta fito daga bakinku. Ku duba duk abin da kuka lissafa, ludayi da ƙwarya da gwangwani, kowanne bakinsa a buɗe yake, ido na ganin cikinsa hannu na kaiwa. Kuma a tsakar gida kuke wankan, ana gamawa a watsar da ruwa a kife baho a kife ƙwarya, kafin azahar rana ta gasa su. Ai kun yi maganin abin ba tare da kun sa masa suna ba. Mu kuma muka shigar da wanka banɗakin cikin ɗaki mai tayil wanda rana ba ta taɓa leƙa shi, muka sayo abin da ke haɗiye ruwa ya riƙe, muka bar shi a ƙasa kusa da masai har gobe. Don haka ni da za a bi tawa, da kofunan roba masu tauri da murfin kwano da mazurari da 'yar matata sun ishi yaro, yana cikawa yana juyewa yana ganin ruwa na zuba, abin da yake so ke nan dama, ba ruwansa da ko nawa aka saya.

Sauran rabin kuma Mama ku yafe min in faɗa. A da ɗin ma yara sun sha gudawa ba kaɗan ba, sai a ce haƙori ne, wasu sun tashi wasu ba su tashi ba, kuma lokacin fitar haƙori shi ne daidai lokacin da yaro ke kai duk abin da ya samu baki. Gwangwani yana tsatsa kuma bakinsa na yanka, wannan a bar shi. Ƙwarya da ludayi in ba su ga rana ba su ma baƙin funfuna suke yi. Sai babbar, wato buta. Yara na son buta saboda tsiyayar bakinta, sai ka ga an miƙa wa yaro wadda aka fito da ita daga bayi yanzu ya tsoma a ruwan wankansa har ya kafa baki. In yana so a saya masa tasa ƙarama mai launi daban wadda ba ta zuwa ko'ina. Jikar da ke rubutun nan, ke na ɗora wa wannan aikin.

TAMBAYA: Anti barka da aiki. Ni magidanci ne, na biya ta Kofar Wambai na samo wa yara kayan wasan ruwa na gwanjo cike da leda da araha, akwai jirgin ruwa da kifaye da haruffa na soso, da wani kaguwa mai kawo wuta in ya taɓa ruwa. Uwargida ta hana a ba su wai sai an tambaye ki.
Baban yara, Kano

AMSA: Malam Allah ya ƙara buɗi, ba kowane uba ke tunawa da irin wannan tsarabar ba. Amma a gaida min uwargida, ta kyauta. Ku zazzage ledar a tabarma ku ware. Jirgin ruwa da duk wani mai tauri wanda ake ganin ko'ina nasa, a yi masa wankin da na faɗa wa maman tagwaye a ba yara. Kifaye masu laushi masu huda kuwa ba ku san bahon wa suka fito ba ko shekara nawa suka yi suna tara abin cikinsu kafin a ɗaure su a dila, ku ɗaga ɗaya saitin rana ko fitilar waya za ku ga inuwar baƙin ta ciki. A zubar. Akwai kuma wani dalilin, Tarayyar Turai ta haramta wasu sinadaran tausasa roba a kayan wasan yara a 2005, Amurka ta bi a 2008, shi kuwa gwanjo ba ya zuwa da ranar haihuwarsa, don haka duk wanda kuka ji yana danƙo a hannu ko yana warin roba mai hawa kai ko fentinsa na ɓarewa shi ma ya bi su. Haruffan soso ba laifi in yaran sun wuce shekarun gatsa, a matse a shanya bayan kowane wanka.

Kaguwan nan ne ya fi tsaya min a rai. Irinsu da ɗan batir suke aiki, mai faɗi kamar maɓalli irin na agogo, kuma in yaro ya haɗiye shi ya maƙale a maƙoshi yana iya ƙona naman wajen cikin awa biyu kacal. Ku duba murfin batirin, in ba da kusa mai juyawa aka ɗaure shi ba ko ya tsage ko akwai tsatsa, kar ya kwana a gidan. In tsautsayi ya sa yaro ya haɗiye irin wannan batir, asibiti kai tsaye ko da yana wasansa, ba a sa shi amai, kuma in ya haura shekara ɗaya ana iya ba shi zuma ƙaramin cokali biyu duk minti 10 a hanya, tana rage ƙunar kafin a isa. Ɗan ƙasa da shekara ba a ba shi zuma.

TAMBAYA: Anti ni matsalata damina ce, kayan ba sa bushewa ko na kife su a bokiti sai su yi wari. Kuma ina buƙatarsu sosai don su ne ke riƙe min shi a baho in samu in leƙa girki, watansa goma sha ɗaya.
Wata amarya daga Jos

AMSA: Ƙanwata bokitin ne matsalar, ruwan da ya tsiyaya a gindinsa yake taruwa, kayan na zaune a ciki, in an yi sakaci ma sauro ya samu wajen ƙwai. Nemi buhun albasa irin mai raga ɗin nan ki wanke shi tas, bayan wanka ki ɗauraye kayan da ruwa mai kyau ba wanda aka yi wankan ba, ki yarfe su ki zuba a ciki ki rataya a igiyar shanya ko a baranda inda iska ke kaɗawa, ba a banɗaki ba. Da sanyin Jos da ruwanku ki rage yawansu, biyu ko uku a ruwa sauran a ajiye a bushe, gobe a canza.

Amma layin ƙarshe na wasiƙarki ya fi funfunar tayar min da hankali, na karanta shi sau uku. Ɗan wata goma sha ɗaya ba a barin sa a baho a leƙa ko'ina, ko na minti ɗaya. Kansa ya yi wa jikinsa nauyi, yana miƙa hannu zai kamo abin wasa sai ya kifa, ruwan da bai wuce tsawon yatsa ba ya isa ya rufe masa hanci da baki, kuma ba ya ihu ba ya fantsama ruwa balle ki jiyo daga kicin. Yayarsa 'yar shekara biyar ma ba mai tsaro ba ce. Ki sauke tukunyar ko ki kashe risho kafin ki tuɓe shi, ki ajiye tawul da sabulu da kayan sawarsa kusa da ke, in aka yi sallama ko waya ta yi ƙara ki naɗe shi a tawul ki tafi da shi. Kina cire shi ki zubar da ruwan ki kife bahon, haka bokitan wanki da ke tsakar gida. In girkin ne ba ya jira, goya shi ki gama, wankan a yi bayan la'asar.